Mutum Bakwai Masu Sunan Łapikoza

A ofishin ɗaurin aure, ma'aikaciya Bogumiła tana satar kallon wani tsoho da ya rako jikarsa da saurayinta. Kwat ɗin tsohon ta yi masa yawa, gashin baki ya sha gyara, sai murɗa hula yake kamar mai matse wanki. Sunan gidansu Łapikoza, wato mai kamun akuya. Makiyayi ne kakan kakansu ko ɓarawo, wannan Bogumiła ta bar wa Allah. Sau uku tsohon yana gaya wa mutanen da ke bin layi cewa su bakwai masu sunan suka rage a duk Poland, shida mata.

Bogumiła ta yi tambayar da aka saba: sunan gidan wa ma'auratan za su ɗauka?

Tsohon ya matso, ya taka ƙafar saurayin, ya danna.

"Kaka, don Allah!" in ji jikar.

"Na yi magana ne? Ɗana, ku 'yan gidan Nowak kun fi tattabarun tasha yawa. Wa zai lura an rasa ɗaya?"

Saurayin ya cije leɓe. "Łapikoza."

Tsohon ya ɗage ƙafa, ya goge ido da hular.

"Takwas," ya gaya wa mutanen layi.