Aron Hannu a Zaman Makokin Baffa

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa kowa ya ɗaura takunkumi a fuska, yayana ne ya hana ni sukuni. Ƙodata ɗaya tana jikinsa. Ni na ba shi bayan ya sha wahalar wankin ƙoda, kuma tun daga nan na zama ɗan sandan cikinsa, ko gishiri ya ƙara a miya sai na yi magana. Yakan ce bai taɓa ganin mai kyauta yana bin kyautarsa da ido irina ba.

Matsalar ita ce, magungunan da yake sha don kada jikinsa ya ƙi ƙodar su ne kuma suke kwantar masa da garkuwar jiki. An yi masa allurar rigakafin korona sau biyu, aka auna jininsa a Kano, likitarsa ta ce kamar an zuba ruwa a rairayi. Aka ƙara masa ta uku, ta ce sai bayan wasu makonni za a sake aunawa a ga ko ta kama.

"Kafin nan ban da taro, ban da musabaha," in ji ta. "In cutar nan ta same shi, ba ƙodar kaɗai za mu rasa ba."

Muna cikin wannan jira a Karaye aka aiko daga Falgore cewa baffanmu ya rasu, bayan ya yi fama da tari da zazzaɓi. Bai bar ɗa namiji ba, mahaifinmu kuma ya daɗe da rasuwa. Yayana ne babba, shi zai zauna a ƙofar gida ya karɓi gaisuwa.

Na ce ba inda za shi. Mahaifiyarmu ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ba a yi maka allurar ba?"

"An yi mini, Inna."

"To ai ƙodarka ce a cikinsa. Abin da ya tsare ka ya tsare shi."

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe cewa rigakafi ba ya bin ƙoda, ba ta ko saurare ni ba. Yayana ya yanke maganar. "Mutumin nan shi ya riƙe mu bayan Baba. Zan je."

Muka je. Na shimfiɗa masa tabarma daban a gindin darbejiya, na zauna a gabansa. Duk wanda ya miƙo hannu yana "Ya haƙuri?" sai in cafke in ce "Da godiya." Ina jin ƙus-ƙus a bayanmu, wai tun da aka yi masa aiki a birni hannunsa ya yi tsada. Na yi kunnen uwar shegu.

Can sai ga aminin marigayi, wani dattijon makiyayi, wanda shi ya yi jinyarsa har ƙarshe. Tun daga nesa nake jin tarinsa. Bai ko kalle ni ba, ya wuce ni ya miƙa wa yayana hannu biyu. Na ga hannun yayana ya fara ɗagowa, domin a wurinmu babu wanda yake barin hannun dattijo a iska. Ban san lokacin da na miƙe na riƙe hannuwan tsohon ba.

"Sake ni, yaro. Ba wurinka na zo ba."

Na ji tsoro, na ji kunya, amma ban saki ba.

Yayana ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. "Baffa, ka gafarce ni. Maganin da nake sha ya kashe mini ƙarfin jiki. Allurar ma har yanzu ba a san ko ta kama ni ba. Tarin da wani zai warke, ni zai iya tafiya da ni."

Tsohon ya ja da baya, ya rufe bakinsa da gefen rawani.

"Ko maraƙi ne bai yi ƙwari ba, ba ma kai shi mashaya tare da garke," ya ce. Ya juyo gare ni. "Kai ne mai ƙodar? To wanda ya ba da ƙoda ya isa ya ba da aron hannu. Allah ya jiƙan baffanku."

Bayan mun koma gida zazzaɓi ya kayar da ni, gwaji ya nuna korona ce. Na kulle kaina a ɗaki, kullum ina kasa kunne ko zan ji tari daga sashen yayana. Ban ji ba. Da sakamakon jininsa ya fito, likita ta ce allurar ta uku ta ɗan kama, amma kaɗan ƙwarai, sai an ƙara ta huɗu.

Inna har gobe cewa take ƙodata ce ta tsare shi, ni kuma na daina musu. Abin da na sani shi ne, ba duk wanda aka yi wa allura ne take tsarewa ba, wani sai na kusa da shi sun tare masa. Yanzu yayana yana gaisawa da kowa, amma in muna tare aka miƙo masa hannu, har yau nawa ne yake fara motsi.