Man da Asta ta Kwashe

Duk wanda ya ci kasuwar Filinge a shekarun farko na mulkin kai ya san Asta mai nono. Bafillata ce doguwa, ga baki. Ka ce nononta ya yi tsami, ta ce bakinka ne bai ga asawaki ba. Amma man shanunta, kai! Har daga Damana mata ke aikowa a saya musu, na miya daban, na kitso daban, na shafa wa jariri daban. Tun tana ƴar shekara bakwai aikinta guda ne: ta kaɗa nono har mai ya rabu ya taso, ta kwashe shi. A wurinta, barin mai yana yawo a kan nono aikin ƙazama ne.

Sai farin shekarar saba'in da uku ya zo. Shanu suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya ba su tashi. Mijinta Sambo da ɗansu suka kora biyar da suka rage zuwa kudu, shiru kake ji. Surukarta ta rasu da bazara, ta bar mata jikanta Hamani ɗan shekara biyu, wanda take kira angonta. Shi kaɗai ya rage mata, shi ma duk ya zube sai kai da ciki.

A gidan likita an fara rabon madarar yara. Likita Issa, saurayi ne ɗan Kurfai, shi kaɗai ga ɗaruruwan bakuna. Garin madara, sukari da man gwangwani yake zubawa a rabin duro, a kwara ruwan zafi, a juya da sanda, a zuba wa kowace uwa a kwanonta. Kafin Asta ta kai bukkarta a bayan kasuwa, man ya taso ya yi idanu rawaya a sama. Ta ja tsaki.

"Dubi aikin maza, angona. Wa ke ba yaro mai zawo maiƙo?"

Ta sa ludayi ta kwashe shi tas, ta ba yaron farin ruwan. Man kuwa ba ta zubar ba, haba, a wannan shekara? Fatar Hamani ta tsage tana saɓulewa, sai ta riƙa shafe shi da shi safe da yamma, tana yi masa waƙa. Matan bukkokin kusa suka gani suka bi, don wa zai yi gardama da Asta a kan nono?

Mako uku ana haka. Ranar awo, likita Issa ya rataya Hamani a sikeli, ya duba takarda, ya sake dubawa. Ƴaƴan cikin gari suna hawa, na bayan kasuwa suna sauka, Hamani ya fi kowa sauka. Sai ya lura yaron yana sheƙi. Ya kama ɗan hannun ya sansana.

"Inna, wane mai ne wannan?"

"Naka mana. Wanda ka bari a sama."

Ya dafe kai. "Innalillahi! Inna, ai ƙarfin duka a cikin man yake. Abin da kika bar masa ruwa ne mai launin madara."

 Duk da haka bakin Asta bai mutu ba.

"In abin sha ne, don me ka bar shi a sama? Abin da ya taso, kwashe shi ake yi. Kai da karatunka ba ka iya haɗi ba, kuma ba ka buɗe baki ka gaya wa mutane ba!"

Bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Ya ce ya juya har kafaɗarsa ta gaji, man ba ya zama.

Ta aika aka ɗauko maburginta. Ita da ta shekara arba'in tana raba mai da nono, ta san abin da ke hana shi rabuwa. Ta fara murza garin da sukari da man a ƙwarya har suka zama ƙulli, babu ɗigon da ya tsaya shi kaɗai. Sannan ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan, maburgi yana gudu tsakanin tafukanta. Madara ta fito fara sol, kauri ɗaya daga sama har ƙasa. Aka ajiye kwano guda a inuwa don gwaji, har aka yi azahar ko ido ɗaya bai taso ba.

Daga ranar rabin duron nan ya koma hannunta, ƙwarya-ƙwarya take haɗawa tana juyewa. Da ƙafarta ta bi bukkoki tana cewa, "Ni na ɓatar da ku, kada wadda ta ƙara kwashewa." Ta riƙe aikin har ruwa ya dawo, kuma yara da yawa sun tashi a hannunta, wasu yau har da jikoki.

Hamani ba ya cikinsu. Kwana huɗu tana ɗura masa da cokali, cikin ba ya riƙewa. A na biyar da hantsi ya cika a cinyarta.

Tsohuwa Habsa, maƙwabciyarta, ita ta yi masa wanka. Da ta fito tana share hannu, ta durƙusa kusa da Asta don ta sanyaya mata zuciya. Allah ya sani, da zuciya ɗaya ta faɗa.

"Ki yi haƙuri, Asta, ke dai kin yi naki. Yara nawa na wanke a shekarar nan, wallahi ban taɓa mai laushin fata kamar naki ba."