Goggo Marlene, Saura Fure Biyar

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Goggo Marlene Dombek a gidanta da ke Toledo, tana da shekara saba'in da ɗaya. Ciwon zuciya ne, bai ba ta ko awa guda ba. Jibi Juma'a za a binne ta. Ranar Asabar kuma aurena.

Goggo, tun ina 'yar shekara tara, da mahaifiyata ta rasu, kika ɗauke ni. Shekara talatin kina dafa abinci a makarantar unguwarmu, yaron da ya zo ba kuɗi sai ki cika masa faranti ki kau da kai.

Da muka je wurin mai sayar da furanni a watan Yuni, ta faɗi kuɗin ɗan furen da ango da abokansa ke maƙalawa a ƙirjin kwat, na fito na zauna a mota ina kuka. Lokacin an sallami Curtis, wanda zan aura, daga aiki. Kika dube ni kika ce, "Ke Renata, a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba kike wannan majina? Tada mota, akwai fure a bayan gida."

Duk bazarar nan kin tsinko su, kin rataye a kicin suka bushe. Kika sayo siririyar waya da koren tef, kika yayyanka tsohon ɗankwalinki na siliki don naɗin ƙarshe. Yatsunki sun kumbura da sanyin ƙashi, guda ɗaya kan ci miki yini. Tara ake buƙata. Kin gama huɗu.

Sau biyu kika kira ni in zo in koya. Na ce sai mako mai zuwa.

Tun jiya nake zaune a kujerarki. Na naɗa wayar, furen ya karye. Na sassauta, ya zube. Na ɓata bakwai, abin da ya rage a kwali ba shi da yawa, lambun kuma sanyi ya cinye shi. Curtis ya ce mu haƙura, ba wanda zai lura. Na yi masa tsawar da ban taɓa yi ba. Ba furen ne ya dame ni ba, Goggo. Idan na tashi daga teburin nan, na yarda ke nan ba za ki dawo ki ƙarasa ba.

Na roƙi mijinki, Kawu Vernon, a ɗage bikin. Ya ce, "'Yata, in na ɗage, da wane ido zan dube ta? Ta goge mini kwat tun makon jiya." Shi zai riƙe hannuna a matsayin uba, ya shiga da ni coci, kwana ɗaya bayan ya bi gawarki ta wannan ƙofar. Ban san wanda zai tallafi wani ba a cikinmu.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ina yi wa Kawu Vernon ta'aziyya, da 'ya'yanki Gail da Russell, da matan cocinmu. Allah ya ba mu haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi mata addu'a, sannan ya roƙa mini ƙarfin da zan iya tsayuwa da ƙafafuna ranar Asabar.