Moɗar Da Na Ɗaura Wa Jan Zare

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya biyu a wani ƙauye kusa da Makoda, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. An san ni da kaifin baki, ba na barin ta kwana. Da Innarmu ta rasu sai ƙanwata ta dawo hannuna, budurwa ce mai fama da farfaɗiya tun ƙuruciya. Tun a gidan iyayenmu an ware mata kwano da moɗa, wai duk wanda yawunta ya taɓa ya ɗauka. Ni ma ban tambayi kowa ba na ware mata, har jan zare na ɗaura wa moɗarta don kada yarana su sha da ita.

Wata rana da kaka muna suya, tana juya kasko, ni ina mulmula tunkuza da goyo a baya. Ciwon ya tashi, ta kife gefen murhu, hannunta na dama cikin garwashi. Wallahi taku uku ne tsakaninmu. Ganin kumfa a bakinta ya sa na ja da baya ina ta salati da ihu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta shigo ta janye ta, ta kwantar da ita ta gefe, ta share mata baki da zaninta. Ta harare ni, ta ce ta shekara da shekaru tana jinyar ɗanta mai irin wannan ciwo, ga ta nan garau. Na rasa inda zan sa kaina.

A asibiti a Kano likita ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa ta yawu ko kwano, kuma tsallake shan magani yana tayar da shi. Ni kuwa ban taɓa tambayar yarinyar ko ta sha ba. Likitar ta ƙara da cewa a ƙasashen waje ana gwajin wata 'yar na'ura da ake dasawa a kai, tana ɗiga magani daidai inda ciwon yake tasowa, don waɗanda ƙwaya ba ta yi musu aiki, sai dai ba ta iso nan ba. Ƙanwata ta tambaya a hankali, ko wanda aka dasa wa ana yarda a ci abinci tare da shi. Nan na fashe da kuka.

Muna dawowa na tsinke zaren nan. Na'ura ta zo ko kada ta zo, safe da yamma daga hannuna take karɓar maganinta, babu fashi. Masu tsegumi na gaya musu wanda ba zai ci da ita ba ya tashi da yunwarsa.

'Yan'uwa, idan mai farfaɗiya ya faɗi kada ku gudu. Ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa komai a baki. Yatsun ƙanwata biyu sun manne, ba za su ƙara miƙewa ba. Kullum muka sa hannu a kwano ɗaya ina ganinsu.