Ƙarar motar Baba

Jiya na shigo layinmu na Zongo da tsohuwar akori-kurar marigayi Baba, ina ta murna. Wani makanike a unguwar Bè-Kpota ya sauke mataccen injin, ya ɗora wani, ba hayaƙi, ba tari. Da ita nake kai wa 'yan kasuwa albasa, in ta tsaya cefanen gidanmu ya tsaya.

Kullum kafin in kashe mota Mma ta buɗe ƙofa. Jiya ba ta fito ba. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Mma, ba ki ji shigowata ba?"

"Na ji mota, amma ba tamu ba."

"Ita ce, inji kawai aka canza."

Ta ce, "Tun rasuwar babanku, in na jiyo ƙararta daga bakin layi, sai in ji kamar shi ne ya dawo. Ba komai, Nasiru. Allah ya sa albarka, zan saba."

Gyara na je yi, ban san zan raba ta da wani abu ba. Ku wane sauti ne ke tuna muku da wanda kuka rasa?