Katangar da Armaya'u Ya Sa Aka Rushe

Mahaifin Armaya'u, Malam Mati, magini ne a Zakka, ƙasar Safana. Armaya'u ya yi karatu a Katsina, ya dawo ya buɗe shagon buga takardu a Batsari. Idan babu mai aiki, sai ya duƙufa koyon zanen gini a kwamfuta, irin wanda ake jujjuya shi a ga kowane ɓangare.

Hannunsa ya faɗa wajen tayar da siffa. Inda ya maƙale shi ne abin da masu sana'ar ke kira tekscha, wato shafen da ake lulluɓa wa abu har ido ya gane wannan katako ne, wancan ƙasa. Ya zana zauren gargajiya, ya zuba masa jan launi, sai ya fito yana sheƙi kamar bokitin roba. Ya tura hoton a zauren masu koyo na waya. Wata Malama Surayya, wadda ta girme su a aikin, ta amsa masa.

"Launi kawai ka sa. Rage sheƙin, ka ƙara kaushi. Sannan ka nemi katangar makuba ta gaske, ka ɗauke ta hoto a inuwa, ka lulluɓa. Ba kai ka ce mahaifinka magini ne ba?"

Armaya'u ya daɗe yana kallon saƙon. Shekara uku da suka wuce, gab da aurensa, shi ya matsa aka rushe zauren gidansu aka yi na bulo. Zauren da uban ya gina da hannunsa, ya yaɓe shi da makuba, wato ƙasar da aka kwaɓa da ruwan ɓawon ɗorawa, ya zana shi da yatsa. A gaban leburori Armaya'u ya ce ba zai kawo baƙi su ga gidan ƙasa ba. Ran nan Malam Mati ya ɗauki buzunsa ya tafi masallaci. Ko hoto ɗaya ba wanda ya ɗauka.

Armaya'u ya zaga Batsari da Karare a babur yana neman katangar makuba. Katangun da ya samu duk ruwa ya cinye su, ko an shafe su da siminti. Ran Juma'a ya je Zakka, ya durƙusa, aka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya buɗe kwamfutar.

Tsohon ya ƙura ido. "Wannan zaurena ne?"

"Shi nake son yi, Baba."

"Ƙofar ta yi faɗi. Kuma ƙasa ba ta walƙiya haka."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bayan kwana tara mahaifiyar Armaya'u, Larai, ta kira shi ta ce ya zo. A bayan rumbu ya tarar da guntuwar katanga, tsayin ƙugu, an yaɓe ta, an zana ta. Larai ta ce tsohon da kansa ya jiƙa ɓawon ɗorawa, ya kwaɓa ƙasar, ya hana kowa taɓawa. Ga shi kwance yau kwana biyu, gwiwa ta kumbura.

Armaya'u ya shiga ɗakin ya zauna a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini maganar zaure."

"Ka ɗauki hoton kafin rana ta juyo," in ji tsohon. "In ta haska ba za ka ga zanen ba."

Ya ɗauka, aikin kuma ya yi kyau. Malama Surayya ta roƙi hoton, yanzu da shi take koyar da sababbin shiga, Armaya'u ya sa aka rubuta sunan Mati Magini a jiki. Tsohon ya warke, amma bai ƙara ɗora hannu a kan gini ba. Har yau bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, Armaya'u kuwa bai sami ƙarfin sake tambaya ba.