Ranar da Gulraiz Ya Busa Hayaƙi a Gaban Kawunsa

Gulraiz taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Na girme shi da kwana goma sha ɗaya, amma har yau bai taɓa ce mini yaya ba. In kuna neman wanda ya fi shi taurin kai a Rawalpindi, sai dai ku je maƙabarta ku tono. Siriri ne kamar tsinken sakace, gashin bakinsa ya fi shi nauyi, ranar da iska ta taso a kasuwar Saddar sai mun riƙe masa riga.

Tare muka bar makaranta a aji takwas. Ni malamai ne suka roƙe ni in je in huta, shi kuwa da ƙafarsa ya fita, ya tafi wurin wani mai naɗin koyil na fanka da injin ruwa. Shekara tara yana naɗa waya. A can ya koyi sigari, kwali biyu a rana, har ta kai in ya fara tari da asuba, ladanin unguwarsu kan jira ya gama. Da aka haifi 'yarsa ta fari, matarsa Riffat ta ce masa ko sigari ko ɗaki. Sai ya koma sigarin lantarki, manyan nan masu batir da tanki, da ake zuba wa ruwa mai ɗanɗano. Bai yi wata biyu ba ya farke nasa, ya ga ashe cikinsa waya ce da auduga kawai. Ya yi tsaki, ya naɗa tasa wayar, ta fi ta kamfani.

Mahaifina, Haji Liaqat, yana da shago a hawa na biyu a wani bene a Saddar. Da ya ga kasuwar hayaƙi ta buɗe, ya kwashe wayoyin salula ya zuba waɗannan injuna, ya kira ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa. Shi Abba-ji, kamar yadda muke kiran mahaifin nawa, bai taɓa sa ko ɗaya a baki ba, kuma in ka tambaye shi zai ce maka kayan lantarki yake sayarwa. Ni kuma aikina a shagon shi ne in zauna kusa da fanka in tabbatar tana juyawa.

Gulraiz ya kafa doka tun makon farko: ba injin da zai hau kanta sai ya gwada irinsa kwana uku. Ranar farko ba ya ko zuƙa. Kwance shi yake yi, ya shinshina, ya auna, ya leƙa wurin zaman batir kamar mai neman kunama. Rana ta biyu ya jefa shi a aljihu ya hau babur ya yi ta yawo cikin rana da ramukan titi. Rana ta uku ya hau rufin bene ya zuƙa, tun daga ƙaramar wuta har ƙarshen ƙarfinsa. In inji ya ci jarrabawa, sai ya ɗauko kwalbar jan farcen Riffat ya ɗiga ja a gindin kowane ɗaya. Mutanenmu tsofaffin hannu ne, direbobin manyan motoci da teloli da tsofaffin sojoji da suka bar sigari, ba ruwansu da abin da aka rubuta a kwali. Juya inji suke yi su duba gindi. In ba ɗigo, su ajiye. Wanda kuma ya shigo bai taɓa shan taba ba, yana neman babban inji don burga, Gulraiz kan nuna masa mai sayar da rake a ƙasa ya ce, "Ga abin tsotsa can, Allah ya kiyaye hanya."

Me ya sa sai rufin bene? Ai kun sani. Wa zai busa hayaƙi a gaban kawunsa? Baƙi su cika shago da hayaƙi har ka kasa ganin hannunka, Abba-ji ba ya cewa komai, kwastoma ne. Amma jininsa? Shekara bakwai Gulraiz yana hawa matakala sittin da huɗu duk lokacin da zai zuƙa sau ɗaya, ya kurkure baki, ya tauna kanumfari, sannan ya sauko. In an tambayi Abba-ji ina yake, sai ya ce, "Ya hau sama duba tankin ruwa." Tankin da aka fi dubawa a duk faɗin Punjab ke nan.

A watan Yuni na bara wani dillali daga Karachi ya kawo sabon inji. Batir biyu, ƙarfin wutarsa wat ɗari biyu da ashirin, nauyinsa kamar bulo, da hoton wani baƙin sa mai ƙaho a kwalin, shi ya sa muka sa masa suna Bijimi. Abba-ji ya ga yadda yake ƙyalli, bai jira kowa ba ya karɓi katan goma sha biyu. Ya kuma sa na rubuta a gilashin shago cewa ranar Juma'a za a fara sayarwa.

Kwana biyu Gulraiz yana yabon abin nan kamar zai aure shi. Rana ta uku na bi shi rufin bene don in ga ƙarshe.

"Shabbir, ƙaton banza, matso ka ji," in ji shi. "Ɗanɗano, babu kamarsa. Mangwaro ka zuba, sai ka ji har da ƙudan da ya sauka a kai. Batir, yini guda bai girgiza ba. Tanki ba ya yoyo ko ka kife shi."

"To ɗiga masa mana mu sauka, rana za ta soya ni."

"Kitsenka ne zai ragu. Tsaya."

Ya murɗa shi zuwa wat ɗari da tamanin, ya yi ta zuƙa ba hutu. A ta goma sha ɗaya ya ɗage yatsa daga maɓalli. Injin bai tsaya ba. Yana ta huci shi kaɗai kamar maciji a rami, ƙaurin auduga ya tashi. Da sauri ya ɓalle murfin ya zazzage batiran a ƙasa.

"Na uku ke nan da na gwada daga katan daban-daban," in ji shi. "In jikinsa ya ɗau zafi, robar da ke zagaye da maɓalli sai ta kumbura ta riƙe shi. Abin da ya kamata ya kashe wutar da kansa kuma barci yake, irin naka. Ka san Ustad Mushtaq direba? Zuƙa goma yake yi a jere ya jefa a aljihun wando ya kama sitiyari. Ka san abin da ke maƙwabtaka da aljihun wando?"

Na sani. Na matse ƙafafuna.

Muka sauko ya gaya wa Abba-ji, cikin ladabi, hannu a ƙirji, yana ce masa Mamu, wato kawu. Abba-ji ya ɗauki Bijimi ɗaya daga kanta, ya danna maɓalli ya saki, ya danna ya saki, har sau ashirin.

"Ina maƙalewar?"

"Mamu, sai ya yi zafi."

"To sa shi ya yi zafi."

"In na danna ba a zuƙa ba, auduga ce za ta ƙone kafin jikin ya ɗumama, ka ce ni na ƙona shi. Sai an zuƙa."

Kowa ya san inda maganar ta tsaya. Abba-ji ya gyara hularsa ya ce, "Ba wa wani kwastoma ya zuƙa."

"Abin da na kayar ba na sa shi a bakin mutum."

"Ɗana, mutanen da suka ƙera abin nan suna da digiri. Kai ajinka takwas."

"Shi ya sa na gwada, Mamu. Su ba su da lokaci."

Na yi dariya, aka harare ni, na koma kallon fanka. Abba-ji ya yanke hukunci: zuwa Juma'a ko Gulraiz ya ɗiga jan nan, ko ni Shabbir in ɗiga da hannuna, kwastoma ai ba su san hannun wa ba ne. In kuma ya buɗe baki ya ɓata kayan a gaban mutane, to ya ajiye makullin shago.

Riffat ta roƙe shi. Uwarsa ta roƙe shi. Ni ma na roƙe shi, don in ya tafi ni za a ce in yi aiki. Na ce, "Kai, ɗigo ne fa, ba rantsuwa da Alƙur'ani ba." Ya ce, "In Ustad Mushtaq ya juya gindin inji, ni yake dubawa, ba jan farce ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci shago ya cika. Ustad Mushtaq na gaba, ya riga ya naɗe hannun riga. Abba-ji ya zauna a kujerarsa da kofin shayi, ya zaro sabuwar kwalbar jan farce daga aljihu, wadda ya saya da kansa, Allah kaɗai ya san da wace fuska, ya miƙo mini. Na karɓa.

Gulraiz ya zagayo daga bayan kanta. Ya ɗauki Bijimi sabo fil daga kwali, ya sa batir, ya cika tanki, ya jira auduga ta jiƙa, duk a natse kamar mai alwala. Ya tsaya daidai gaban Abba-ji. Ya ce, "Mamu, ka yafe mini abin da zan yi."

Ya zuƙa.

Jama'a, na ga hayaƙi a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Zuƙa ta uku, agogon bango ya ɓace. Ta biyar, na nemi Ustad Mushtaq na rasa, muryarsa kawai nake ji yana salati. Ta takwas, mai gyaran agogo na maƙwabta ya rufe shago ya gudu da kayan mutane. An ce jirgin Dubai ya yi shawagi sau biyu kafin ya ga filin sauka, wannan ban gani da idona ba, amma wanda ya gaya mini ba ya ƙarya sosai. Shi kuwa Gulraiz hawaye na zuba, gashin baki na ɗigar ruwa, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma tsaya ba. A ta goma sha biyu ya ɗage yatsa, ya ajiye injin a kan gilashin kanta, ya ja da baya.

Bijimi ya ci gaba da huci. Ba mai taɓa shi. Ƙauri ya kori ƙamshin mangwaro, bakin tankin ya fara baƙi. Ustad Mushtaq ya dafe aljihun wandonsa da hannu biyu, alhali ba komai a ciki. Gulraiz ya bari kowa ya gani, sannan ya ɓalle murfin ya fitar da batiran, yatsunsa biyu suka ƙone suka yi bororo nan take.

Duk wannan abin Abba-ji bai kalli injin ba ko sau ɗaya. Gulraiz yake kallo. Ya ajiye kofin shayi a hankali.

"A gabana?"

"Babu wata hanya, Mamu."

"A gabana, ranar Juma'a, a gaban mutane? Ni da na yi maka huɗuba a kunne?"

"Ka ga maɓallin dai."

"Na ga tarbiyya. Ajiye makulli."

Ya ajiye. Ya naɗe filayarsa da almakashi da ƙullin waya a cikin tsumma, ya yi wa kowa sallama, ya fita.

Washegari da safe Abba-ji ya sa ni loda katan goma sha biyun a motar Karachi, a mayar wa dillali. Na ɗauka magana ta ƙare, za a kira Gulraiz. Ina! Sai da gwaggona, uwar Gulraiz, ta yi sati tana kuka a ɗakinmu, sannan aka shirya zaman sulhu, aka dafa shinkafar biryani. Gulraiz ya zo da farin kaya, ya durƙusa, ya dafa gwiwar Abba-ji.

"Mamu, hayaƙin da na busa a gabanka, na yi laifi. Ka yafe mini. Ko sau ɗari ka ce in faɗa, zan faɗa."

Fuskar Abba-ji ta saki. Ya ce, "Na yafe. Gobe ka dawo. Amma daga yau, kayan da na ce a ɗiga wa ja, a ɗiga. Shagona ne."

"Shagonka ne, Mamu. Ɗigon nawa ne."

Gwaggona ta ɗora hannu a ka. Riffat ta mintsine shi har na ji zafin daga inda nake. Abba-ji ya ce, "Maimaita." Ya maimaita, har da ƙarin bayani. Sannan ya zauna ya ci biryani faranti biyu, don a cewarsa da shinkafa ba su yi faɗa ba.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Ya kafa tebur a ƙarƙashin matakalar benen namu, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mitar wuta, yana naɗa koyil yana gyaran injuna. Ruwan sama na dukansa ta gefe, abin da yake samu bai kai rabin na da ba, Riffat ta koma karɓar ɗinki. Ni kuma an tashe ni daga gaban fanka, har na rame, wando na zame mini. Duk farkon wata Abba-ji kan aike ni da saƙo iri ɗaya, ni kuma in sauka in isar.

"Kai tsinke, Abba-ji ya ce in gaya maka ƙofarsa a buɗe take, in ka yarda da sharaɗin."

Jiya ma na je. Bai ɗago ba, yana lanƙwasa waya a jikin ƙusa.

"Ka gaishe shi da kyau. Ka ce ni ko ƙofar ba ni da ita, duk ranar da ya janye sharaɗin ya tarar da ni a nan. Kuma matsa gefe, tumbinka ya tare mini haske."